Asfirin da Ciwon Daji: Kada Garin Neman Gira Mu Rasa Ido



Akwai wata magana da take yawo a wayoyinmu, daga wannan zauren WhatsApp zuwa wancan, har ta shiga hirar majalisa da ta gidan suna. Ana cewa wai likitocin Turai sun gano asfirin yana hana ciwon daji, kuma duk wanda yake haɗiyar ƙwaya ɗaya kullum ya tsira daga sankara. Wasu sun ƙara gishiri, sun ce duk maganin kumburi haka yake, ko ibufurofen ne ko diklofenak, kuma ana ɓoye mana ne saboda maganin ba shi da tsada.

Matsayinmu a kan wannan magana guda ɗaya ne. Kada wani daga cikinmu ya fara shan asfirin ko wani maganin kumburi kullum da niyyar kare kansa daga ciwon daji, ko da niyyar warkar da shi, sai in likitan da ya duba shi ne ya rubuta masa. Maganar da ake yaɗawa tana da gaskiya a cikinta, amma gaskiyar ta shafi mutane ƙalilan ne, haɗarin kuwa ya shafi kowa. Bari mu warware muku ita daki-daki, don kowa ya yi wa kansa alƙalanci.

Inda maganar ta samo asali

Kumburi hanya ce da jiki yake kare kansa. In mutum ya yanke ko ƙwayar cuta ta shige shi, wurin yakan yi zafi ya kumbura, sojojin jini su taru su yi yaƙi, bayan 'yan kwanaki komai ya lafa. Matsala tana zuwa ne in kumburin ya ƙi mutuwa, ya yi shekaru yana cin wuri ɗaya a cikin jiki. Nama yana lalacewa yana sake tsirowa ba hutu, kuma a cikin wannan maimaici ne wasu ƙwayoyin halitta suke kauce hanya su zama daji. Tun a shekarar 1863 wani likitan Jamus mai suna Rudolf Virchow ya lura da wannan dangantaka.

Shi kuma asfirin tsohon magani ne. Kamfanin Bayer na Jamus ya fitar da shi kasuwa a 1899, amma sai a 1971 wani masani ɗan Ingila, John Vane, ya gano yadda yake aiki. Yana toshe wani sinadari a jiki da ake kira COX, wanda shi ne yake haɗa abubuwan da suke kawo zafi da kumburi. Ibufurofen da diklofenak ma ta nan suke bi. Saboda haka masana suka yi tambaya mai ma'ana: tunda daɗaɗɗen kumburi yana haifar da daji, shin maganin kumburi zai iya hana shi?

A 1988 wani bincike a birnin Melbon na Ostireliya ya nuna masu yawan shan asfirin ba su cika kamuwa da dajin babban hanji ba kamar sauran mutane. Daga baya, tsakanin 2010 da 2012, Farfesa Peter Rothwell na jami'ar Oksfod ya bibiyi mutanen da aka taɓa ba asfirin saboda ciwon zuciya, ya ga dajin hanji ya ragu a cikinsu, amma sai bayan shekaru masu yawa amfanin yake bayyana. Wannan shi ne tushen saƙon da ake turo mana. Masu turowa nan suka tsaya, bincike kuwa ya ci gaba.

Abin da gwaji ya nuna daga baya

Hanyar da ake tantance magani ita ce a raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wasu maganin, a ba wasu ƙwaya mai kama da shi wadda babu komai a cikinta, sannan a jira a gani.

An yi haka da masu wata larura ta gado da ake kira Lynch, wadda take sa 'yan gida ɗaya su riƙa kamuwa da dajin hanji tun suna da ƙuruciya. Farfesa John Burn na Niyukasil a Ingila ne ya jagoranci gwajin, da mutum 861. Bayan kimanin shekara goma, mutum 40 ne suka kamu da dajin hanji cikin waɗanda suka sha asfirin, 58 kuma cikin waɗanda ba su sha ba. Wannan amfani ne na gaske, kuma saboda shi a 2020 hukumar da take tsara wa likitocin Ingila ƙa'idojin aiki ta ce a duba yiwuwar ba masu wannan larura asfirin. Sai dai ana gane larurar ne ta gwajin asibiti na musamman, ba ta zato ba.

An kuma yi gwajin da tsofaffi masu lafiya, irin iyayenmu da suke zaune a gida ba abin da yake damunsu. Sunan gwajin ASPREE, an yi shi a Ostireliya da Amurka da mutum 19,114, yawancinsu 'yan shekara 70 zuwa sama, kuma a 2018 aka fitar da sakamako. Ƙaramin asfirin aka ba su, miligiram 100 kullum, har kusan shekara biyar. Bai ƙara musu tsawon rai cikin lafiya ba. Zubar jini mai tsanani ya samu kashi 3.8 cikin ɗari na masu shan asfirin, da kashi 2.8 na waɗanda ba su sha ba. Abin da ya ba masanan kansu mamaki shi ne mutuwa ta dalilin daji ta fi yawa a ɓangaren masu asfirin, kashi 3.1 a kan kashi 2.3.

Ko a Amurka sai da suka janye. Kwamitin da yake ba ƙasar shawara kan rigakafi ya ce a 2016 wasu 'yan shekara 50 zuwa 59 za su iya shan ƙaramin asfirin don kariya daga ciwon zuciya da dajin hanji. A 2022 kwamitin ya sake zama, ya cire maganar dajin hanji saboda hujjar ba ta isa ba, ya kuma ce wanda ya kai shekara 60 kada ya fara sha don rigakafin ciwon zuciyar da bai taɓa samunsa ba.

Akwai kuma labarin Vioxx, wani sabon maganin kumburi da aka yi ta yabo a lokacinsa. Ana cikin gwada shi ne don a ga ko zai hana ƙurajen hanji masu rikiɗewa su zama daji, sai aka ga yana ƙara bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. A watan Satumba na 2004 aka janye shi daga kasuwannin duniya.

Ga wanda daji ya riga ya kama

A nan ma amsar tana da sharaɗi. A Amurka da Kanada an gwada asfirin da mata kimanin 3,000 waɗanda aka yi wa maganin sankarar mama, don a ga ko zai hana ta dawowa. Bai hana ba, har aka tsayar da gwajin kafin lokacinsa. A Suwidin da maƙwabtanta kuma an gwada shi da waɗanda aka yi wa tiyatar dajin hanji, aka zaɓi waɗanda ƙarinsu yake da wani canji na musamman a ƙwayoyin halitta. A cikin waɗannan, miligiram 160 kullum na shekara uku ya rage dawowar ciwon da kusan rabi, kamar yadda aka bayyana a 2025. Labari ne mai daɗi, amma ku lura da yadda abin ya kasance: sai da aka yanke ƙarin, aka kai shi ɗakin gwaji, aka tabbatar da irinsa, sannan aka ƙara asfirin a kan sauran magani. Babu wanda aka ce ya bar tiyata ya koma ga asfirin.

Haka ma deksametason da firedinisolon, waɗanda su ma magungunan kumburi ne, na wani gida daban. Likitocin daji suna haɗa su da wasu magunguna wajen yaƙi da dajin jini da dajin kaluluwa, da awo da lissafin kwanaki. Su ne kuma wasu 'yan matanmu suke saya don su yi ƙiba. In mai kumburin kaluluwa a wuya ya sha su da kansa, kumburin yana iya sacewa na ɗan lokaci, ya ɗauka ya warke, kuma gwajin da za a yi masa daga baya ya rikice. Ga mai ciwon hanta nau'in B kuwa, suna iya tayar da cutar da take kwance.

Wanda ake yi wa ƙarin ruwan maganin daji ya fi kowa bukatar taka tsantsan. Wannan magani yakan rage ƙwayoyin da suke daskarar da jini, asfirin kuma yana raunana waɗanda suka rage. Maganin kumburi yana iya rufe zazzaɓi, alhali zazzaɓi shi ne alamar da likita yake jira don ya san cuta ta shiga. Duk mai jinyar irin wannan mara lafiya, kada ya ba shi ko ƙwaya ɗaya sai ya tambaya.

Abin da jiki yake biya

Sinadarin COX da waɗannan magunguna suke toshewa yana da wasu ayyuka bayan kawo kumburi. Shi ne yake taimaka wa tumbi ya yi majinar da take kare shi daga ruwan tsamin da yake narka abinci, yana kuma taimaka wa jini ya isa ƙoda. In aka toshe shi kullum, tumbi yana iya yin gyambo ya riƙa zubar da jini a ɓoye. Alamarsa ita ce bayan gida baƙi wuluk kamar kwalta, ko aman jini, ko jiri da kasala. Ƙoda ma tana iya gajiya, hawan jini ya ƙi sauka duk da magani, asfirin kuma yana ƙara haɗarin zubar jini a ƙwaƙwalwa.

Yanzu mu dubi kanmu. Gidaje nawa ne a Nima ko Aboabo ko Sabon Zongo babu mai hawan jini ko ciwon suga? Masu ɗaukar kaya a kasuwa, da magina, da mahauta, da direbobi, da iyayenmu mata masu tsayuwa kan tukunyar waake tun asuba, da yawa sun saba da diklofenak ko ibufurofen duk dare don jiki ya saki. Wani ya haɗa biyu ko uku bai sani ba, domin sunayen kwalin sun bambanta amma abin da yake ciki ɗaya ne. A lokacin azumi kuma ciki ba komai, jiki ba ruwa tun safe har magariba, wanda shi ne yanayin da waɗannan ƙwayoyi suka fi cutar da tumbi da ƙoda. Mutumin da yake cikin wannan hali in ya ƙara asfirin kullum, ya ɗora kaya kan kaya. Wankin ƙoda kuwa kowa ya san abin da yake yi wa aljihun dangi.

Haɗarin da ya fi damunmu ma ba wannan ba ne. Maganin kumburi yana kashe zafi, zafi kuwa shi ne ɗan aiken da jiki yake turowa. Dattijo yana fama da ciwon baya da wahalar fitsari, ko uwa tana jin ƙullutu a mama, ko saurayi yana jin nauyi a gefen dama na ciki, sai a sayo ƙwaya a kantin magani, zafi ya lafa, a ce an samu sauƙi. Wata shida, shekara ɗaya, sai an kasa tashi sannan a nufi Korle Bu ko Komfo Anokye. Likitocin waɗannan asibitoci sun daɗe suna kokawa cewa yawancin masu sankarar mama suna zuwa ne bayan ciwon ya yi nisa. In an ƙara wa mutum imanin cewa ƙwayar da yake sha tana kare shi daga daji, ya samu sabon dalilin zama a gida.

Dajin da yake kashe mu

Amfanin asfirin da aka fi tabbatarwa a kan dajin babban hanji yake. A Gana kuwa, inda ake samun sababbin masu ciwon daji kimanin 27,000 a shekara, waɗanda suka fi yawa su ne na mama, na hanta, na bakin mahaifa da na furostet, wato ƙullin da yake ƙarƙashin mafitsarar maza. Babu ɗaya daga cikin waɗannan huɗu da likitoci suke ba mai lafiya asfirin don rigakafinsa.

Amma Virchow bai yi kuskure ba, kuma maganarsa ta shafe mu kai tsaye. Da yawa daga cikin dajin da yake damunmu daɗaɗɗen ciwo ne yake kawo shi, kuma an san mai hura wutar. Dajin hanta yawanci daga ciwon hanta nau'in B yake, wanda kusan mutum ɗaya cikin goma a ƙasar nan yake ɗauke da shi, da yawa tun daga haihuwa ko yarinta, ba tare da wata alama ba. Ana gane shi da ɗigon jini. Wanda ba shi da shi akwai allurar rigakafi, kuma tun 2002 tana cikin allurar da ake yi wa jarirai a awo. Wanda yake da shi akwai magani irin su tenofobir da yake danne cutar, ya rage haɗarin daji. Gyaɗa da masara masu fumfuna suna ƙara wa hanta wahala, saboda haka a shanya su da kyau, a zubar da waɗanda suka lalace.

Dajin bakin mahaifa ƙwayar cutar HPV ce take kawo shi. Akwai rigakafinta ga 'yan mata, akwai kuma gwaji mai sauƙi ga matan aure wanda yake gano matsala tun ba ta zama daji ba. Dajin tumbi yana da alaƙa da ƙwayar cutar da take kawo gyambon ciki, wadda ake kashewa da maganin mako biyu in gwaji ya nuna ta. Tsargiya, fitsarin jinin nan da yaran bakin tafkin Bolta da sauran wuraren ruwa suka sani, in ta daɗe tana iya kawo dajin mafitsara, ita ma tana da maganinta. Taba da giya kuma babu wanda bai san ɓarnarsu ba. Wanda yake son ya kashe kumburi don gudun daji, ga wuraren da zai zuba ruwa.

Ga mai cewa ba shi da kuɗin asibiti

Mun san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Za su ce gwaji kuɗi ne, hoto kuɗi ne, zuwa babban asibiti yini ne guda ba ciniki, asfirin kuwa da 'yan sidi kaɗan an samu. In akwai ko ɗan amfani, me zai hana talaka ya gwada?

Amsarmu ita ce araha ba ta ado. Shi kansa ɗan amfanin sai an yi shekaru ana sha kafin a gan shi, zubar jini kuwa yana iya zuwa a watannin farko. Mutanen da aka yi gwaji da su a Turai da Ostireliya an tace su tun farko, an cire masu gyambon ciki da masu saurin zubar jini, kuma suna da likita a kusa in wani abu ya taso. Duk da haka an samu zubar jinin da muka ambata. Wanda ba shi da kuɗin gwajin hanta, ina zai samu na ƙarin jini da kwanciya asibiti in tumbi ya fashe cikin dare? Talaka shi ne ya fi kowa asara a wannan caca.

Maganar cewa ana ɓoye sirrin saboda maganin ba shi da tsada ita ma ba ta tsaya ba. Gwamnatoci da jami'o'i sun zuba kuɗi masu yawa wajen gwada asfirin, kuma har yanzu ana kan yi. Inda ya yi amfani an faɗa a fili, inda bai yi ba ma an faɗa.

Sannan kada mu manta da katin inshorar lafiya. Maganin sankarar mama da ta bakin mahaifa yana cikin abubuwan da tsarin ya ƙunsa. Ba ya ɗauke duk nauyin, amma wanda katinsa yake aiki ya fi wanda ya bar nasa ya mutu.

Abin da muke roƙo

Wanda likita ya ɗora a kan asfirin saboda ya taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar jiki, ko mai juna biyu da aka ba ƙaramin asfirin a wurin awo saboda hawan jini, kada su daina saboda wannan rubutu. Nasu lissafin daban ne, an auna an ga amfanin ya rinjayi haɗarin. Mai ciwon daji da likita ya rubuta wa maganin kumburi don rage zafi, shi ma ya ci gaba yadda aka ce masa.

Wanda ya fara sha da kansa saboda saƙon waya, ya ɗauki kwalin ya je ya nuna wa likita ko ma'aikacin jinya. Kada a ba yara asfirin in suna zazzaɓi, domin yana iya taɓa musu hanta da ƙwaƙwalwa. Ciwon da ya wuce mako biyu ana shan ƙwaya bai tafi ba, a kai shi asibiti. Haka ƙullutu a mama, jini a bayan gida ko a fitsari, jini bayan mace ta daina al'ada, rama ba dalili, da ciki mai kumbura. In a gidanku mutum biyu ko uku sun yi dajin hanji, musamman kafin shekara 50, ku gaya wa likita, domin ku ne maganar asfirin za ta iya shafa, kuma ku ne kuka fi bukatar a leƙa hanjinku da na'ura.

Ga masu kantin magani na unguwanninmu, ku 'ya'yanmu ne kuma ƙannenmu, kun san fuskar kowa. In kun ga Baba ko Hajiya suna dawowa duk mako sayen ƙwaya iri ɗaya, ku tambaye su abin da yake damunsu, ku nuna musu hanyar asibiti. Ga sarakunanmu da limamai da magajiyoyi, muna roƙon ku yi amfani da bakinku, domin ku ake ji. Rana ɗaya da za a ware a gayyato ma'aikatan lafiya su yi gwajin ciwon hanta da awon jini da duba mama a filin makaranta za ta amfani unguwa fiye da kwali dubu na asfirin.

In saƙon nan ya sake shigowa wayarku, kada ku tura shi gaba. Ku tambayi wanda ya turo ko ya taɓa yin gwajin hanta, in bai yi ba ku ce ya shirya ku tafi tare.

Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.